GARNAƊA: BIRNIN DA MUKE YI WA KUKA DUK RANAR 2 GA JANAIRU



Yau 2 ga Janairu, kuma tun da sassafe na ga an fara yawo da hoton nan na fadar Alhambra, haɗe da labarin sarkin da ya waiwayo ya kalli birninsa ya fashe da kuka, mahaifiyarsa ta yi masa gori. Duk shekara haka muke yi. A sa hoto, a rubuta "Allah Ya dawo mana da Andalus", a samu masu danna alamar hawaye, gobe a koma maganar ƙwallo. Na tambayi abokaina biyu da suka sa hoton ko sun san garin da fadar take, ɗaya ya ce Ƙurɗuba, ɗayan ya ce ai a Maroko take. Shi ya sa na ce bari in zauna in ja dogon rubutu. Mai sauri ya ajiye sai dare, don abin da ɗan tsawo.

Sunan garin Garnaɗa, a taswira za ka ga an rubuta Granada. Yana kudancin Sifaniya, a gindin duwatsun Sierra Nevada, waɗanda Larabawa ke kira dutsen ƙanƙara saboda farin da ke kwance a kansu mafi yawan watannin shekara. Mutanen garin ba su kai 250,000 ba, amma fadar Alhambra kaɗai tana karɓar baƙi sama da miliyan 2 da rabi a shekara. Ka riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Musulmi sun ƙetara zuwa Andalus a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, amma ɗaruruwan shekaru Garnaɗa ba wani gari ba ce da ake lissafi da ita. Ƙurɗuba ce uwa. Sai da halifancin Ƙurɗuba ya wargaje, kowane gwamna ya naɗa wa kansa rawani, sannan wasu Barbarawa 'yan ƙabilar Sanhaja ƙarƙashin Zawi bin Ziri suka zaɓi tudun Garnaɗa wajajen 1013 saboda sauƙin tsaro. Daga nan ta zama birni.

Girmanta na gaske kuwa ya zo ne a lokacin da sauran Andalus ke zubewa. A 1212 sarakunan Kirista na arewa suka karya rundunar Muwahhiduna a yaƙin da Larabawa ke kira Al-Iƙab. Ƙurɗuba ta faɗi a 1236, Ishbiliya a 1248. Duk wanda ya tsere daga waɗannan garuruwa, malami ne ko magini ko masaƙi, Garnaɗa ya nufa. A tsakiyar wannan ruɗani ne Muhammadu bin Al-Ahmar ya shiga garin ya kafa daular Banu Nasr, wadda ta yi shekara 250 da ɗoriya tana mulki.

Akwai abin da masu sa hoto ba sa faɗa. Ibnul Ahmar ya tsira ne da siyasa. A 1246 ya yi yarjejeniya da Sarki Fardinan na uku na Kastila, ya yarda zai riƙa biyan haraji duk shekara, har ma ya aika da mahayansa suka taya Kiristoci kewaye Ishbiliya, garin 'yan uwansa Musulmi. Kuma shi ne mai taken nan da aka rubuta sau ba adadi a bangon Alhambra, wanda ma'anarsa ita ce babu mai rinjaye sai Allah. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ke son fahimtar Garnaɗa dole ya haɗiye su tare.

ALHAMBRA

Sunan daga Al-Hamra ne, wato ja, saboda launin ƙasar da aka gina katangun da ita. Tana kan wani tudu da ake kira Sabika. Abu na farko da Ibnul Ahmar ya yi bayan ya zaɓi wurin a 1238 shi ne neman ruwa. Ya sa aka datse kogin Darro can sama, kimanin kilomita 6 daga tudun, aka haƙa magudana ta bi gefen dutse tana gangarowa a hankali har ta shigo fadar ta sama. Ba inji, ba famfo. Sai da ruwa ya iso sannan aka shiga maganar ado. Duk wannan tafki da maɓuɓɓuga da lambu da kake gani a hoto, a kan wannan magudana suke tsaye.

Idan Allah Ya kai ka, ɓangaren da ya fi tsufa shi ne sansanin soja da ke bakin tudun, inda daga kan hasumiya za ka hango garin duka da gonakin da ke bayansa. Amma abin da ke jawo mutane shi ne fadojin sarakuna, kuma mafi yawan abin da ya rage aikin mutum biyu ne, uba da ɗa.

Uban shi ne Yusufu na farko, ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354. Shi ya gina babbar ƙofar da ake kira Ƙofar Shari'a a 1348, shi ne kuma mai zauren karɓar jakadu da ke cikin hasumiyar Comares. Rufin wannan zaure katako ne, guntaye kusan 8,000 da aka harhaɗa suka ba da siffar sammai bakwai, a ƙarƙashinsa kuma an zagaye da Suratul Mulk. Ka duba hikimar: jakada ya shigo daga hasken tsakar gida zuwa cikin duhun zaure, sarki na zaune haske na shigowa ta bayansa, a saman kansa surar da ke cewa mulki na Allah ne. A ranar ƙaramar Sallah ta 1354 wani mutum ya daɓa wa Yusufu wuƙa yana cikin sallar Idi, nan ya cika.

Ɗansa Muhammadu na biyar shi ne mai Fadar Zakuna, wadda hotonta ya fi yawo. Zakuna 12 na marmara ɗauke da kwanon ruwa, ruwan na fita ta bakunansu yana bin hanyoyi huɗu zuwa ɗakuna huɗu, ginshiƙai 124 sirara sun zagaye tsakar gidan. A ɗaya daga ɗakunan akwai rufi mai ado irin na saƙar zuma da ke reto daga sama, gurabunsa sun haura 5,000. Abin da zai ba ka mamaki shi ne kayan aikin. Filasta ce da katako da tayil da bulo, kayan da ba su fi ƙarfin ƙaramar daula mai biyan haraji ba. Lissafi da haƙurin hannu ne suka mai da su abin da duniya ke layi ta gani.

Bangon kuma magana yake yi. Ban da ayoyi, an sassaƙa waƙoƙin wani mawaƙin fada mai suna Ibnu Zamrak a jikin bango da bakin kwanon ruwa. Malaminsa shi ne waziri Lisanuddin Ibnul Haɗib, wanda ya rubuta tarihin Garnaɗa, kuma bayan annobar 1348 ya yi rubutu yana kafa hujja cewa cutar daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, ta hanyar cuɗanya da tufafi. Ƙarshensa? Makircin fada ya kore shi zuwa Maroko, aka tuhume shi da zindiƙanci, aka shaƙe shi a kurkukun Fas wajajen 1374, kuma da hannun ɗalibin nasa Ibnu Zamrak a cikin shari'ar. Shi ma Ibnu Zamrak daga baya kashe shi aka yi a gidansa. Kyan bango bai hana abin da ake ƙullawa a bayansa ba.

Daga fadar, tafiya kaɗan a ƙafa za ta kai ka Generalife, wato Jannatul Arif, gidan shan iska na sarakuna a tsakiyar gonaki. A can akwai wata matakala da aka yi wa magudana a kan dogarin hannu, kana hawa ruwan sanyi na gangarowa ta ƙarƙashin tafinka.

CIKIN GARI

Mutane da yawa suna gama Alhambra su hau mota su wuce, alhali rabin labarin a ƙasa yake. Tsallaken kogin Darro akwai tsohuwar unguwar Albaicin, mai lunguna ƙanana masu karkace-karkace irin na cikin birninmu, gidaje farare, kowanne da ɗan lambu a ɓoye bayan katanga. Har yanzu rijiyoyin ajiye ruwa na zamanin Musulmi suna nan a bakin hanya, kuma akwai cocin da in ka ɗaga kai za ka gane hasumiyarta ta masallaci ce aka sa wa ƙararrawa. A nan ne gidan A'isha mahaifiyar sarki na ƙarshe yake, ana kiransa Darul Hurra. A bakin kogin kuma akwai tsohon gidan wanka na jama'a da ake kira El Bañuelo, mai ƙofofin haske a rufi masu siffar taurari.

A saman unguwar akwai dandalin San Nicolas, inda mutane ke taruwa da yamma su kalli rana na faɗuwa a kan jajayen katangun Alhambra, ƙanƙarar duwatsu a bayansu. Dab da dandalin akwai masallacin Juma'a da aka buɗe a 2003, bayan kusan shekara 500 ba a ji kiran salla a fili a unguwar ba. Kana iya salla a can, farfajiyarsa ma ta fi dandalin natsuwa. In yunwa ta kama ka, gangara layin Caldereria, masu shayi da abincin Maroko sun cika shi.

A tsakiyar gari akwai madarasar da Yusufu na farko ya kafa a 1349. Ɗakin sallarta da mihrabinsa sun tsira, yanzu ginin na hannun Jami'ar Granada. Kusa da ita akwai Corral del Carbon, masaukin fatake na ƙarni na 14, ƙasa dabbobi da kaya, sama ɗakunan kwana, wato zango kenan. Tsohuwar kasuwar alharini ta ƙone a 1843, abin da ke wurin yanzu kwaikwayo ne da ake sayar da tsaraba. A wannan yanki ne babban masallacin gari yake a da. Yanzu babbar majami'a ce a wurin, a gefenta kuma ɗakin da aka binne Fardinan da Isabela, waɗanda suka ci garin.

YADDA AKA RASA TA

A 1469 Isabela ta Kastila ta auri Fardinan na Aragon, manyan masarautun Kirista biyu suka zama tsintsiya ɗaya. A daidai lokacin gidan Banu Nasr yana cin kansa. Dama sun saba, akwai sarkinsu ɗaya, Muhammadu na tara, da ya hau gadon sau huɗu, ana tuɓe shi yana dawowa.

Sarki Abul Hasan Ali ya auri wata baiwa Bakiristiya da aka kamo, ta musulunta aka sa mata Surayya, ya juya wa uwargidansa A'isha baya. A'isha ta ji tsoron kada a hana ɗanta gado. A 1482, shekarar da yaƙi ya ɓarke Kiristoci suka ƙwace garin Alhama, a shekarar ce ɗan nata Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya yi wa mahaifinsa tawaye ya karɓe Alhambra. A 1483 ya fita yaƙi aka kama shi a Lucena. Fardinan bai kashe shi ba, bai kuma riƙe shi ba. Ya sake shi bisa sharaɗin biyayya, don ya san zai fi yi masa amfani a cikin gida. Haka kuwa aka yi. Uba ya rasu, ƙanin uban Az-Zagal, wanda shi ne jarumin gidan, ya karɓi sarauta, sai ga ɗa da baffa suna gwabzawa a lungunan Garnaɗa, Albaicin na bayan ɗaya, Alhambra na hannun ɗaya.

Su kuwa can suna ta ɗauke garuruwa ɗaya bayan ɗaya da igwa. Ronda a 1485, Loja a 1486, Malaga a 1487 inda aka mai da mafi yawan mutanen garin bayi, Baza da Almeria a 1489. An aika neman taimako Masar da wurin Usmaniyawa, babu rundunar da ta zo. A 1491 aka kewaye Garnaɗa, har masu kewayen suka gina wa kansu gari sukutum a fili, Santa Fe, don a san ba tafiya za su yi ba. Ranar 25 ga Nuwamba aka sa hannu kan yarjejeniya, ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi ya miƙa makullai.

Labarin gorin mahaifiyarsa kuwa marubutan Kirista ne suka fara kawo shi bayan shekaru, don haka a riƙa yi ana sassautawa. Wurin da ake cewa abin ya faru yana kan hanyar fita gari ta kudu, har yau sunansa Ajiyar Zuciyar Balarabe da yarensu. Shi dai Abu Abdullahi ya zauna ɗan lokaci a duwatsun Alpujarras, a 1493 ya ƙetara zuwa Fas, can ya ƙare rayuwarsa.

Yarjejeniyar a takarda tana da kyau: Musulmi su riƙe masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu, kada a tilasta wa kowa barin addininsa. Babban limamin coci na farko a garin, Hernando de Talavera, ya bi a hankali, har ya sa limamansa koyon Larabci. A 1499 aka turo Cisneros, shi kuwa ya zo da ƙarfi. Aka shiga baftisma ta dole, aka tara dubban littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla aka cinna musu wuta, aka ware na likitanci kawai. Mutanen Albaicin suka yi bore, sai aka ce ai su suka karya yarjejeniya. Zuwa 1502 zaɓi biyu ya rage a duk Kastila, baftisma ko hijira. Yahudawa su tun 31 ga Maris 1492 aka ba da dokar korarsu, a nan Garnaɗa ɗin. Kuma a watan Afrilu na shekarar, a sansanin Santa Fe, aka sa hannu kan takardar tafiyar Kolombos.

Waɗanda suka zauna aka riƙa kiransu Moriskawa. Suna zuwa coci a fili, da yawa suna salla a ɓoye. A 1567 aka haramta musu Larabci da tufafinsu da sunayensu da gidajen wanka. A 1568 suka tashi a duwatsun Alpujarras, aka yi shekara uku ana zubar da jini, bayan an murƙushe su aka kwashe kimanin mutum 80,000 aka warwatsa su cikin Kastila. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori Moriskawa kusan 300,000 daga Sifaniya baki ɗaya. A 2015 ƙasar ta yi dokar ba jikokin Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa. Ba a yi wa jikokin Moriskawa irinta ba.

Waɗannan duwatsu na Alpujarras yanzu wurin yawon buɗe ido ne. Ƙauyuka irin su Pampaneira da Bubion da Capileira suna manne a jikin dutse, gidajensu masu shimfiɗaɗɗen rufi kamar na Barbarawan Maroko, manoma kuma har yau da magudanan ruwan da Musulmi suka bari suke ban ruwa. Sai dai a kula da abin da za a ci, yankin ya yi suna wajen busasshen naman alade. Ƙololuwar da ta fi tsayi a duk yankin, kusan mita 3,480, sunanta Mulhacen, daga Maulaya Abul Hasan, uban nan da ɗansa ya yi wa tawaye. Ƙasa da awa ɗaya a mota daga gari akwai filin wasan zamiya a kan ƙanƙara da ya karɓi gasar duniya a 1996, ta kudu kuma kimanin awa ɗaya za ka isa bakin teku.

ME YA HAƊA MU DA SU?

Abin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Duk alƙalin kotun shari'a ko lauyan da ya buɗe Tuhfatul Hukkam, littafin Ibnu Asim yake karantawa, alƙalin alƙalan Garnaɗa da ya rasu a 1426. Masu kafa hujja da Al-I'itisam da Al-Muwafaƙat, Imam Shaɗibi a Garnaɗa ya rayu, a can ya rasu a 1388. At-Taju wal Iklil, sharhin Muhtasar, na Al-Mawwaƙ ne, muftin garin da ya ga faɗuwarsa da idonsa ya rasu a shekarar. Wato Garnaɗa tana cikin zaurukan karatunmu tuntuni.

Abu Ishaƙ As-Sahili, mawaƙi ɗan Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya gina masa zaure mai ƙubba, ya rasu a Tumbuktu a 1346. Ibnu Baɗuɗa ya ga kabarinsa a can. Shi kansa Ibnu Baɗuɗa, wanda ya bi ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353 har ya ambaci wata ƙasa da masana da yawa ke ganin Gobir ce, ɗan Garnaɗa ne, Ibnu Juzayyi, ya rubuta masa littafin tafiye-tafiyensa. Sai Hasan Al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da iyayensa suka yi hijira da shi Fas, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. Littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya kawo bayanin Agadas da Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, kuma ta nan Turai ta daɗe tana sanin sunayen garuruwanmu.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. Judar Pasha, kwamandan da Sarkin Maroko ya turo ya karya daular Songhai a Tondibi a 1591, haifaffen yankin tsohuwar masarautar Garnaɗa ne, cikin masu bindigarsa kuma akwai Andalusawa da yawa. Waɗanda aka raba da ƙasarsu su aka yi amfani da su aka rusa ta wasu.

WA YA RIƘE TA?

Nan ne nake so mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Waɗanda suka ci Alhambra ba su rushe ta ba, sun mai da ita fadarsu. Jikansu Sarki Carlos na biyar ya dasa katafaren gini irin na Italiya a tsakiyarta daga 1527, da kuɗin harajin da aka ɗora wa Moriskawa, kuma bai taɓa kwana a cikinsa ba. Yanzu gidajen tarihi biyu ne a ciki. Bayan haka aka yi watsi da wurin. Sojojin Napoliyon sun mai da shi bariki, da za su tafi a 1812 suka tarwatsa wasu hasumiyoyi da albarushi. Lokacin da marubucin Amurka Washington Irving ya zauna a ciki a 1829, talakawa ya tarar sun tare a ɗakunan sarakuna suna girki. Littafin da ya fitar a 1832 ya jawo hankalin Turai, abin ya zama abin kunya ga hukuma. A 1870 aka ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa.

Gyaran farko ma ɓarna ya yi, don masu gyaran sun riƙa ƙara abin da suke ganin ya fi kama da "Gabas", har da wata ƙubba mai tayil da suka ɗora a Fadar Zakuna. Sai da wani masanin gini, Leopoldo Torres Balbas, ya karɓi aikin daga 1923 zuwa 1936 sannan aka dawo kan hanya. Ƙa'idarsa ita ce a tallafi abin da ke nan, kada a ƙirƙiro abin da babu. Ya sauke ƙubbar nan duk da surutun da aka yi masa. A 1984 UNESCO ta sa Alhambra da Generalife a jerin kayan tarihi na duniya, a 1994 aka ƙara da Albaicin.

Garin kuma ya ci gaba da tara masu fasaha. Mai zane ɗan Holan M.C. Escher ya zo a 1922 da 1936 yana kwafar tsarin tayil ɗin bango, daga nan salon da ya yi suna da shi ya samo tushe. Mawaƙi Federico Garcia Lorca ɗan yankin ne, an kashe shi a farkon yaƙin basasa a 1936 a wajen gari, gidan da iyalinsa ke hutawa yanzu gidan tarihi ne. A tudun Sacromonte 'yan ƙabilar Roma suna zaune a kogwanni da aka fafe cikin dutse, a nan ake kiɗa da rawar filamenko duk dare.

Yau shiga fadojin Banu Nasr da ƙa'ida ne. Tikiti da sunanka, sai ka nuna fasfo, an rubuta maka lokacin shiga, in ka makara ka yi asara. An ƙayyade yawan masu shiga don kada numfashi da takun mutane su lalata filasta. Lokacin hutu in ba ka saya ta intanet tun da makonni ba, sai dai ka kalla daga nesa. Otal-otal da masu abinci da direbobi da masu yi wa baƙi jagora duk a kan wannan tudu suke ci. Abin ma har ya yi yawa. Mazauna Albaicin suna kukan cewa gidajen unguwar sun koma masaukin baƙi, haya ta fi ƙarfin 'yan gari, irin kukan da ya fitar da mutane zanga-zanga a Barcelona da Malaga a 2024.

To mu fa?

An fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, wato ta girmi Alhambra da sama da shekara 100. Lokacin da ake miƙa makullan Garnaɗa, Muhammadu Rumfa ne a kan gadon Kano, wajajen shekarar ce kuma Shehu Magili ya iso garin. Gidan Rumfa, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi, duk daga wannan zamani suke. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin jira na UNESCO. Ka zagaya ka gani da idonka: inda aka yanka aka yi fuloti, inda aka ɗebe ƙasar aka yi bulo, inda ta zama juji, ƙofofin da aka rushe aka sake da siminti aka ce an gyara. Wurare biyu kacal Najeriya take da su a jerin, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Maƙwabtanmu na Nijar sun shigar da tsohon birnin Agadas a 2013, da ginin laka irin namu, don haka kada wani ya ce laka ce matsalar.

Ba Fardinan da ya kewaye mu, ba Cisneros da ya ƙona mana littattafai. Takardun kakanninmu suna cikin adaka gara na ci, mu ne kuma masu sayen fulotin da aka yanka a jikin badala. Ni ma ina jin ciwon abin da aka yi wa mutanen Garnaɗa, kuma ya kamata a riƙa tunawa, musamman yadda rigimar gado a gida ɗaya ta buɗe wa abokin gaba ƙofa. Amma mai kukan Alhambra da bai taɓa biyan kuɗin shiga Gidan Makama ba, bai taɓa kai 'ya'yansa Hasumiyar Gobarau ko marinar Ƙofar Mata ba, akwai sauran aiki a gabansa.

Shawarata ƙarama ce. Kafin watan nan ya ƙare, kowa ya ɗauki yaransa ya kai su wurin tarihi ɗaya a garinsu, ya ɗauki hoton halin da wurin yake ciki, mai kyau ko marar kyau, ya sa mana mu gani tare da sunan wurin. Wanda ke da tsofaffin rubuce-rubucen gidansu ya fito da su ya kakkaɓe, ya ɗauke su a hoto shafi-shafi tun kafin damina. Masu riƙe da muƙami da ke karanta wannan, kun dai ji.

Allah Ya jiƙan Musulmin Andalus, Ya ba mu ikon riƙe abin da ya rage a hannunmu.